Rijiyoyin Waliyyai a Yammacin Ailan

Manyan motocin da ke kwasar 'yan yawon buɗe ido zuwa Cliffs of Moher, katangar dutsen nan da ta yanke tsaye a bakin tekun Atlantika a gundumar Clare, ba kasafai suke tsayawa a hanya ba. Kowa ya ƙagu ya isa ya ɗauki hoto a saman dutsen da tsayinsa ya kai mita 214. Alhali kafin a ƙarasa, in an baro ƙauyen Liscannor, akwai wani ɗan shinge a gefen titi, da mutum-mutumin wata mata cikin akwatin gilashi, da tsohuwar maƙabarta a kan tudu. Nan ce rijiyar Waliyyiya Brigid, kuma nan muka nufa. Dutsen kam sai bayan la'asar muka leƙa shi.

Ƙanwata ce ke aikin jinya a wannan yanki na yammacin Ailan, na kai musu ziyara a ƙarshen watan Yuli. Tana da maƙwabciya, wata dattijuwa da ta ba saba'in baya, wadda yaran gidan ke kira Kaka. Da ta ji ina yawan tambayar tarihin ƙasar, sai ta ce in na sarakuna da 'yan siyasa nake nema in tafi Dublin, amma in na talakawa ne in biyo ta. Ta ce ƙasar na da rijiyoyi masu tsarki kusan 3,000, da wuya ka sami ƙauyen da ba shi da tasa.

Ba irin rijiyar da ake zura guga ba ce. Idon ruwa ne da ke ɓulɓulowa daga gindin tudu, aka gina masa wani dogon ɗaki ƙarami mai farin fenti, wanda mutum biyu ba sa iya jerawa a ciki. Tun daga ƙofa za ka ji sanyi da warin kyandir da ƙarar ruwa yana zuba a can ƙurya. Sai da idona ya saba da duhun na gane cewa ba a ganin bangon ma. Hotuna ne sun rufe shi tun daga ƙasa har rufi: tsofaffi a ranar aurensu, samari cikin rigar ƙwallo, jarirai, da ƙananan katunan da ake bugawa in an yi rasuwa. Ga carbi rataye bisa carbi, ga tabarau, ga abin shaƙar masu asma, ga sandar guragu, ga takalmin yaro ƙafa ɗaya, ga wasiƙu da danshi ya cinye tawadarsu. Wasu hotunan sun koɗe har fuskar ta ɓace, an manna sababbi a kansu.

Ƙanwata ta taɓa ni ta nuna mini wani ɗan zoben roba fari da aka maƙala a ƙusa. "Yaya, ka ga wannan? Irin wanda muke ɗaura wa jarirai a hannu ne a asibiti. Duba ƙanƙantarsa, wannan bakwaini ne." Babu wanda zai gaya maka ko yaron ya rayu aka kawo don godiya, ko bai rayu ba aka kawo don kada a manta da shi. Na shiga manyan majami'u a Turai masu zinariya a rufi, ba inda zuciyata ta yi nauyi kamar wannan ɗaki.

Ni Musulmi ne, ban yi zagaye ba, ban sha ruwan ba, kuma buƙatata ga Allah kaɗai nake kai ta. Na faɗa wa Kaka haka tun a mota, ta ce ai ba wanda ake tambaya addininsa a bakin rijiya. Na koma gefe na tsaya ina kallonta. Ta tsinci 'yan tsakuwoyi a hannu, ta fara kewaya wurin a hankali tana motsa baki, tana karanta Addu'ar Ubangiji da gaisuwar Maryamu irin ta 'yan Katolika. Duk zagaye ɗaya sai ta yar da tsakuwa ɗaya, don kada lissafi ya ɓace mata. Hannunta na dama kullum yana ɓangaren rijiyar, wato tana bin yadda rana ke tafiya. Da ta gama na ƙasa ta hau maƙabartar ta yi na sama, sannan ta shiga ɗakin ta durƙusa a bakin ruwan. Daga baya na ce, "Mama, in mutum ya juya ta hagu fa?" Ta tsaya ta dube ni. Ta ce a da can, wanda ya zo yi wa wani mugun baki shi ke juyawa ta hagu, kuma ko yanzu ba za ka ga ɗan ƙauyen ya yi haka ko da wasa ba.

A saman ɗakin akwai bishiyoyi da tsummoki suka yi musu riga. Al'adar ita ce mai ciwo ya tsoma ƙyalle a ruwan, ya shafa a inda ke masa ciwo, ya ɗaure a reshe, da fatan yadda ƙyallen ke ruɓewa haka cutar za ta tafi. Kaka na da ƙorafi a nan. Mutanen yanzu, in ji ta, leda suke ɗaurawa da zaren roba da takunkumin fuska, abubuwan da ba sa ruɓewa, sai dai su shaƙe reshen. Duk da haka ba mai kai hannu ya kwance na wani a banza, saboda an yi imani wanda ya ɗauke abin da aka bari ya ɗauki cutar mai shi.

Kusan kowace rijiya da abin da ta yi suna a kansa: wata ciwon ido, wata ciwon baya, wata haƙori, wata ciwon kai. Sannan akwai zantukan da za ka ji a ko'ina ana maimaitawa, cewa ruwan rijiya mai tsarki ba ya tafasa komai yawan wutar da ka hura, itacen bishiyarta ba ya kamawa, kuma in aka wulaƙanta ta, misali mace ta yi wanki a ciki, sai ta ƙafe ta ɓullo a wata gonar. A Liscannor ana cewa akwai wani kifi mai siffar maciji a cikin ruwan, wanda ya yi sa'ar ganinsa buƙatarsa ta biya. Nan na tuna da Kusugu ta Daura, inda maciji ya tsare ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare kansa. Can halittar da ke cikin rijiyar ita ce matsalar gari, nan kuwa ita ake addu'ar gani, kuma kashe ta babban abin tsoro ne.

Ita Brigid ɗin, ana cewa ta kafa gidan ibada a Kildare ta rasu wajen shekarar 525. Sunanta ɗaya da wata allahiya da mutanen ƙasar ke bauta wa kafin zuwan Kiristanci, shi ya sa masana ke ta muhawara a kan inda labarin wannan ya tsaya na waccan ya fara. Ranarta 1 ga Fabrairu, farkon bazararsu, ranar da ake saƙa gicciye da ciyawar fadama a rataye a saman ƙofa. A daren jajibiri wasu kan bar ƙyalle a waje ya kwana, su ajiye shi don ciwon kai da na maƙogwaro. Tun 2023 gwamnati ta mai da bikin ranar hutu ta ƙasa, ta farko da ke ɗauke da sunan mace. Ɗakin rijiyar kuwa ana danganta gininsa da Cornelius O'Brien, mai filayen yankin kuma ɗan majalisa, wanda ya gina hasumiyar da ke saman Cliffs of Moher a 1835. Labarin da ake bayarwa shi ne ya kwanta ciwo a Ingila, ya aika aka kai masa ruwan, ya warke.

Babban taron wurin a da shi ne na Lahadi ta ƙarshe a watan Yuli, lokacin da ake fara haƙar sabon dankali bayan watan da rumbu ya kan yi ƙasa. Bikin girbi ne da ya girmi Kiristanci, ana kiransa Lughnasa. Mutanen tsibiran Aran kan ƙetaro teku cikin ƙananan kwale-kwalensu, su kwana a bakin rijiyar da kyandir suna addu'a da waƙoƙi cikin harshen Ailan, gari ya waye su gangara Lahinch wajen shagali.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wannan al'ada ta sha duka ta gaba da ta baya. A 1704 majalisar Dublin, wadda ke hannun 'yan Furotesta masu biyayya ga sarautar Ingila, ta kafa doka don daƙile Katolika, ciki har da haramta taruwa a rijiyoyi. Wanda aka kama tararsa sule goma, in ba shi da shi a yi masa bulala a bainar jama'a, an kuma umarci mahukunta su rushe gicciye da hotunan da ke irin waɗannan wurare. A zamanin da majami'u ke rushe, limamai ke ɓuya, mutane kan taru a daji su yi sujada a kan falalen dutse, sau da yawa kusa da rijiya. Irin wannan dutse yana nan har yau a Tobernalt, kusa da garin Sligo. To da aka sassauta wa Katolika, musamman bayan 1829, sai limamansu da kansu suka juya wa tarukan baya. Ruwa dai ba ya tsami banza: bayan addu'a akan kafa rumfunan giya, a yi rawa, dangi da dangi su far wa juna da sanduna har a fasa kai. Amma ni a ganina akwai kuma son a dawo da ibada cikin gini, ƙarƙashin idon limami, a raba ta da abin da masu ilimin zamanin ke kallo a matsayin camfin ƙauyawa. Taron bishop-bishop na Thurles a 1850 ya ƙarfafa wannan tsari. Ana cikin haka ga babbar yunwar 1845 zuwa 1852, da cutar dankali ta jawo: mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kusan miliyan ɗaya suka bar ƙasar, da yawansu talakawan yamma masu magana da harshen Ailan, wato ainihin masu rijiyoyin. Gwamnati ta hana, coci ya hana, yunwa ta kwashe mutanen, amma ga Kaka a 'yan shekarun nan tana yar da tsakuwa. Ba wata hukuma da ta riƙe mata wannan. Daga uwarta ta koya, ita ma daga tata.

Ranar Lahadi ta ƙarshe a watan Yulin muka yi sammako zuwa arewa, gundumar Mayo, ni da mijin ƙanwata, don hawan wani dutsen ziyara. Kaka ta ce gwiwoyinta sun riga sun biya bashin wannan dutse. Croagh Patrick ke nan, mai tsayin mita 764, tsaye kamar an fiƙe shi a bakin tekun Clew, kusa da garin Westport. Al'ada ta ce Waliyyi Patrick ya yi azumin kwana 40 a samansa a shekarar 441. Sunan ba baƙo ba ne a wurin ɗan Najeriya, domin tun 1961 'yan Katolikan ƙasarmu suka ɗauke shi waliyyinsu na ƙasa, saboda yawan limamai da sistocin Ailan da suka yi aiki a cikinmu. Sistocin St. Louis da suka sauka Kano a 1948 suka buɗe makaranta, daga wannan tsibiri suka taso. A hanyar hawa ma wani dattijo da ya ji daga inda na fito ya riƙe hannuna ya ce gwaggonsa ta yi shekaru tana koyarwa a arewacin Najeriya, ya kuma gaishe ni da "sannu".

Daga ƙauyen Murrisk ake farawa. Akwai masu sayar da sanduna a gindin dutsen, ka saya ko ka yi haya, kuma duk wanda ya raina sandar zai neme ta a hanyar saukowa. Dubban mutane ne a hanya ɗaya, masu hawa da masu sauka, tsofaffi, 'yan makaranta, uba da yaro a wuya. Jefi-jefi sai ka ga mai tafiya ba takalmi. Na bi bayan wata mata mai matsakaicin shekaru na ɗan lokaci, ƙafarta tsirara a kan duwatsu masu kaifi, diddigenta ya fashe, ba ta magana da kowa, ba kuma wanda ya dame ta da tambaya. Mijin ƙanwata ya ce yawanci alkawari ne mutum ya ɗauka, ko don wani nasa da ke kwance, ko don wanda ya rasu. A gindin ƙoƙuwar dutsen akwai tarin duwatsu da ake kira Leacht Benáin, masu ziyara na kewaya shi sau bakwai suna addu'a, nan ma ta dama.

Daga nan ne hawan ke nuna halinsa. Gangaren ya miƙe, iska ta taso daga teku, hazo ya rufe mu har ba ka ganin na gabanka sosai. A da tsakuwa ce zalla mai zamewa, ƙafafun mutane suka yi ta cin jikin dutsen har tabon ya zama ana hango shi daga nesa. A 'yan shekarun nan aka shimfiɗa matakala da duwatsun wurin, da hannu aka jera su. Ma'aikatan ceto na tsaye a kwana-kwana da gadon ɗaukar marasa lafiya. Har zuwa shekarun 1970 da dare ake hawa, da fitilu. A sama akwai ƙaramin farin coci da aka gina a 1905, mutanen yankin da jakuna suka hau da kayan ginin. Limami na jagorantar sujada cikin wani ɗakin gilashi, jama'a na tsaye a waje cikin yayyafi. Na koma bayan ginin inda iska ba ta kai sosai, na sha shayin da muka zo da shi. Can hazon ya yage, sai ga tekun Clew a ƙasa da ɗimbin ƙananan tsibirai. An taɓa gano zinariya a jikin dutsen nan a shekarun 1980, mutanen Mayo suka tashi tsaye suka ce ba za a haƙa ba, kuma ba a haƙa ba.

Da muka sauko, ƙafafuna na rawa, muka tsallaka titi zuwa abin tunawa da yunwa na ƙasa da aka kafa a 1997: jirgin ruwa na tagulla wanda igiyoyinsa ƙwarangwal ɗin mutane ne. Mai sassaƙa John Behan ya yi shi, don tunawa da jiragen da suka kwashi masu gudun yunwa zuwa Amurka da Kanada, da yawansu suka mutu a teku.

Akwai wuraren da suka fi wannan tsanani waɗanda sai labari na ji. A tafkin Lough Derg na gundumar Donegal, tsakanin 1 ga Yuni da 15 ga Agusta, mutane kan shiga wani tsibiri su yi kwana uku ba takalmi, dare ɗaya ba barci, abinci sau ɗaya a rana, busasshen burodi da baƙin shayi. A Glencolmcille kuma, ranar 9 ga Yuni, masu ziyara kan ɗauki duwatsu su kai rijiyar Waliyyi Colmcille, har tarin ya zama tudu.

Amma yawancin rijiyoyin 3,000 ɗin ba su da suna a taswirar 'yan yawo. Kafin in taho Kaka ta kai ni tasu, ta ƙauyen da aka haife ta, a yankin Burren mai shimfiɗaɗɗen farin dutse. Sai da muka bar mota, muka buɗe ƙyauren wata gona, muka ratsa shanu. Rijiyar ba ta fi faɗin tabarma ba, an kewaye ta da duwatsu ba siminti, wata bishiya mai ƙaya ta sunkuyo a kanta, ga kofi biyu a kife a kan dutse don mai son sha. Mun tarar da maza uku da mace ɗaya suna aiki, domin ranar taronsu 15 ga Agusta ta matso. Ɗaya na sare ciyawa mai ƙaiƙayi, ɗaya na kwashe ganye da laka daga bakin ruwan, matar na goge wani ɗan mutum-mutumi da ya rasa hannu ɗaya. Ba wanda ya sa su, ba wanda zai biya su. Mai gonar ba ya karɓar ko sisi a hannun masu wucewa ta cikin shanunsa, ya ce haka ya tarar ubansa na yi. Na karɓi manjagara na taya su tara ciyawar, wannan kam ba abin da ya hana ni.

Gardama ta tashi a kan wani reshe da ya karye ya faɗo kan hanyar shiga. Ƙaramin cikinsu ya ce a sa zarto a cire shi. Sauran suka ƙi, kowa na cewa ba dai da hannunsa ba. A ƙarshe igiya suka samo suka ɗaure shi sama. Kada mai karatu ya ɗauka wannan abin tsofaffin ƙauye ne kawai: a cikin wannan gunduma ta Clare, a 1999, lokacin da ake shirin sabuwar babbar hanya a Latoon, mai ba da tatsuniyoyi Eddie Lenihan ya yi kashedi a kan wata bishiyar ƙaya da ake dangantawa da aljanu, kuma hanyar ta wuce ta bar ta a tsaye.

Matar ta ciro wayarta ta nuna mini wani shafi da rubutun hannun yaro. Tsakanin 1937 da 1939 hukumar tattara al'adun gargajiya ta ƙasar ta sa 'yan firamare fiye da 50,000, a makarantu kusan 5,000, su je wurin kakanninsu da maƙwabta su rubuto abin da suka sani: tatsuniyoyi, magunguna, sunayen gonaki, labarin yunwa, da rijiyoyi. Littattafan suna nan a jami'a a Dublin, an kuma ɗora su a intanet. Da su ne ƙauyuka da dama ke gano rijiyoyin da sarƙaƙiya ta binne, da ranar taronsu, da yawan zagayen da ake yi. Ta ce shafin da ke hannunta yayan mahaifinta ne ya rubuta yana ɗan shekara goma sha biyu. Na jima ina kallon rubutun, ina lissafin tsofaffin garinmu da aka binne da abin da ke kansu ba wanda ya zauna ya rubuta.

Damuwarsu yanzu ba doka ba ce, ba kuma limami ba. Magudanan da ake haƙawa don busar da gonaki na janye ruwan wasu rijiyoyin, taki da kashin shanu na gurɓata wasu, har a wurare da dama an kafa allon gargaɗi kada a sha. Matasa kuma sun tafi Galway da Dublin da Ostareliya. Mai gonar ya ce bana zai sa waya ya kewaye wurin don shanu su daina shiga, in ya sami masu taya shi kafa turaku.

Ranar taron ta zo bayan na dawo gida. Ƙanwata ta kai Kaka a mota, ta bugo mini da daddare. Ta ce limami ya zo ya yi musu sujada a fili, an yi zagaye, yawancin mahalarta masu furfura ne amma wasu sun zo da jikoki daga birni, an kafa turakun, an ja wayar, sannan kowa ya bi mai gonar gida shan shayi.